Nasiha Ga Samari Masu Shiga Rijiya, Shadda da Tanki

Wannan nasiha ce zuwa gare ku, ya ku 'ya'yana da ƙannena, waɗanda neman halal ya sa kuke sauka inda sauran jama'a ke tsayawa daga baki su leƙa: masu haƙar rijiya da masu yasarta, masu kwashe shadda da masai, masu wanke tankunan mai da na ruwa, masu walda a cikin tanka, masu yashe kwalbati da manyan magudanai kafin damina, da masu bin zinariya ko kuza a ƙarƙashin ƙasa. Sana'o'inku masu daraja ne, ko da jahili ya raina su, gama da za ku zauna gida wata guda, da gari ya rasa ruwan sha, ƙazanta ta malale tituna, annoba kuwa ta sami ƙofar shiga. Saboda wannan daraja, da kuma ganin yadda ake ta yi wa samari jana'iza a kan abin da ilmi kaɗan da haƙuri kaɗan za su iya karewa da iznin Allah, na ga ya wajaba a kaina in faɗa muku abin da na sani.

Ku fara da sanin irin wurin da ake magana a kansa, domin wanda bai gane haɗari ba, ba ya shirin kauce masa. Duk wurin da mutum zai iya shiga da jikinsa ya yi aiki, alhali ƙofarsa ƙunci gare ta, fita daga cikinsa da sauri da wuya, ba a kuma gina shi don mutum ya zauna a ciki ba, to, masana tsaron ma'aikata sun sa shi a babi guda, ko rijiya ce mai gaba ashirin, ko tanki ne wanda tsayinsa bai wuce na mutum ba. Abin da ya haɗa su shi ne iska ba ta kai da komowa a cikinsu kamar yadda take yi a sarari, saboda haka duk abin da ya gurɓata ta yana nan zaune yana jiran mai shiga, ba ya kuwa nuna kansa ga ido.

Iskar da muke shaƙa, wadda Allah Ya yalwata mana har muka gafala da gode Masa a kanta, kashi 21 cikin 100 nata ne kaɗai sinadarin da ke riƙe da rai, wanda ake kira oksijin. Masana sun yi ittifaƙi cewa in ya sauko ƙasa da kashi 19 da rabi, wuri ya fita daga haddin aminci. In ya kai wajen 16, sai numfashi ya yi sauri, tunani ya fara rikicewa, hannu ya daina bin umarnin mai shi sosai. In ya faɗi ƙasa da 10, sai suma. In kuwa ya kai 6, mintoci kaɗan ne tsakanin mutum da ajali. Babbar musibar da ke cikin wannan al'amari ita ce, hankalin da mutum zai gane da shi cewa yana cikin haɗari, shi ne abin da ke fara tafiya, har ya zamana saurayi yana tsaye a gindin tsani, tsira na kusa da hannunsa, amma ba shi da sauran wayon da zai ɗaga ƙafa ya taka. Abubuwan da ke cinye oksijin a rufaffen wuri kuwa ba baƙi ba ne a gare ku: tsatsar ƙarfe a cikin tankin da ya daɗe a rufe, ruɓewar ganye ko mushe a gindin rijiya, hatsi mai danshi a babban rumbu, wutar walda, har ma da numfashin ma'aikatan kansu in sun yi yawa.

Bayan ƙarancin oksijin akwai iskoki masu guba, waɗanda ya kamata kowane ɗayanku ya san halinsu kamar yadda ya san halin abokin aikinsa. Ta farko ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana ke kira haidurojin salfaid, mazauninta shadda da masai da magudanai da duk inda ƙazanta ke ruɓewa ba iska. Ta fi iskar sarari nauyi, don haka sai ta kwanta a gindin rami kamar yadda ruwan sama ke taruwa a kwari. Makircinta shi ne, tana kaɗan hanci na jin warinta, amma in ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ce wari ya tafi, alhali a lokacin ne guba ta yi ƙarfi. In kuwa ta kai kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ku kuma sani tana ɓuya a cikin taɓon da ke ƙasa, ta yadda ramin da aka shiga lafiya da safe yana iya zama kabari da zarar an sa shebur an motsa laka.

Ta biyu ita ce kabon monoksaid, wadda ke fita daga hayaƙin janareta da injin jan ruwa da garwashi, ba ta da wari, ba ta da launi, jinin ɗan Adam kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Wannan ita ce ajalin masu yasar rijiya da masu haƙar ma'adinai na zamaninmu, gama iyayenmu da guga suke kwashe ruwa, mu kuwa sai mu zura injin mai shan fetur cikin rami don a gama da wuri, ko mu ajiye shi a baki hayaƙinsa na komawa ciki, sa'an nan mu sauka mu duba dalilin da ya sa ya mutu, alhali sau da yawa rashin iska ne ya kashe injin, shi ne kuma zai kashe mai sauka. Ta uku ita ce kabon dayoksaid, mai nauyi ita ma, wadda ke taruwa a tsofaffin rijiyoyi ta kore oksijin. Ta huɗu su ne masu kama wuta, kamar iskar metan da ke tashi daga ƙazanta, wadda ke fashewa in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100, da tururin fetur, wanda kashi 2 cikin 100 ya ishe shi. Don haka ne nake roƙon masu walda su riƙe wannan magana da hannu biyu: tankin da aka ce ba kome a ciki, cike yake da tururi, kuma ya fi cikakke saurin tashi da mutum.

Iyayenmu masu haƙar rijiya ba su kasance jahilan wannan al'amari ba, Allah Ya jiƙansu. Sukan zura fitila a igiya kafin kowa ya sauka, in ta mutu su ce rijiya ba ta shiguwa yau, su bar ta a buɗe, su yi ta zura rassan ganye suna jawowa har iska ta sauya. Wannan hikima ce ta gaske, gama harshen wuta yana mutuwa tun oksijin bai kai matsayin kashe mutum ba. Haka Turawan Ingila suka daɗe suna shiga ramukan kwal da tsuntsun kanari a keji, in ya faɗi su fita da gudu, ba su bar wannan al'ada ba sai a shekarar 1986, da na'urori suka maye gurbinsa. Amma ku lura, fitila shaida ce a kan abu guda kaɗai: tana iya ci sarai a cikin iskar da ke ɗauke da gubar da za ta kashe mutum goma, in kuwa aka zura ta cikin shadda ko tankin mai, ita ce za ta zama sanadin fashewa. Saboda haka ku gaji tsantsenin iyayenku, ku ƙara masa kayan zamaninku, wato na'urar auna iska, wadda ba ta fi tafin hannu ba, mai nuna oksijin da iska mai kama wuta da gubobin nan biyu na farko, ta kuma yi ƙara in abu ya ɓaci. In kuɗinta ya fi ƙarfin mutum guda, ai bai fi ƙarfin ƙungiyar masu sana'a ba, in suka yi karo-karo suka saya suna karɓa bi da bi.

Na san akwai masu cewa, in mutum biyu ko uku suka halaka a rijiya guda, wai rijiyar mai aljanu ce, wasu kuma su ce kwana ne ya ƙare, su shafa fatiha su watse, ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Mu Musulmi ba mu musun gaibu, ba mu kuwa musun ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali na gaskiya yana tafiya tare da riƙo da sababi, wanda kuwa ya bar sababin da Allah Ya hore masa, sa'an nan ya jingina sakacinsa ga ƙaddara, ya yi wa kansa zalunci, ya kuma munana ladabi ga Ubangijinsa. Tsare rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya, an kuma gabatar da shi a kan dukiya. To, ina hujjar wanda zai sayar da na gaba don ya sami na baya? Ka yi bismilla a bakin rami, ka yi addu'ar da ka sani, sa'an nan ka auna iska, gama duka biyun ɗa'a ce ga Allah.

To, ga sharuɗɗan shiga, ku haddace su, ku koya wa yaran da ke ƙarƙashinku. Sharaɗi na farko, ka tambayi kanka ko aikin na yiwuwa daga waje: guga in ya faɗa rijiya da ƙugiya ake ciro shi, shadda akwai motar zuƙa, tanki ana iya wanke shi da doguwar mesa, wayar hannu ko akuyar da ta faɗa kuwa, kome tsadarta, ba ta kai diyyar yatsa guda ba, balle rai. Na biyu, in shiga ta zama dole, a yanke duk abin da zai iya shigo maka kana ciki, a rufe famfo, a toshe bututu, a kashe makunnin injin a sa masa kwaɗo, mabuɗin kuwa ya kasance a aljihun wanda ke ciki, kada wani ya zo da rashin sani ya kunna. Na uku, a auna iska tun daga waje, a sama da tsakiya da gindi, domin mai nauyi tana ƙasa, marar nauyi tana sama. A fara da oksijin, sa'an nan mai kama wuta, sa'an nan guba, na'urar kuma ta zauna a jikin mai aiki har ya fito. Na huɗu, a hura iskar sarari da fanka mai mesa wadda ke kai wa har gindi, kafin shiga da kuma duk tsawon aiki, janaretan da ke juya fankar kuwa a nisanta shi, a sa shi inda iska za ta kwashe hayaƙinsa ta yi gaba da shi. Kada kuma wani ya yi gangancin hura oksijin na tukunyar walda, gama yana sa tufa da maiƙo su kama wuta da ɗan tartsatsi. Na biyar, mai sauka ya sa ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗu da cinyoyi, igiyarta a ɗaure da abu mai ƙarfi a waje, domin igiyar da aka ɗaura a ƙugu kaɗai tana iya naɗe sumammen mutum biyu ya maƙale a ƙofa. Na shida, a sami mai tsaron baki, baligi mai hankali, wanda ba shi da wani aiki sai kallon na ciki da yi masa magana, ba a aikensa sayen goro, ba ya tafiya salla sai an fito ko an sami madadinsa. Na bakwai, in ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko idanu na yaji, ka fito nan take, kada ka ce bari in cika wannan bokiti. Masu haƙa kuma su ƙara da tsare bango, su sa zoben siminti ko katako a ƙasa mai yashi, su nisanta tulin ƙasar da suka fitar daga bakin rami. Ƙyallen rufe hanci da takunkumin ƙura kuwa, ku sani ba sa tace guba, ba sa kuma ƙago oksijin inda babu.

Yanzu na zo ga maganar da ta fi kowace nauyi a zuciyata, wadda in kun manta da duk abin da ya gabata, ina roƙonku don Allah kada ku manta da ita. Idan ɗan'uwanka ya faɗi a cikin rami, kada ka bi shi. Na san wannan magana tana da ɗaci, na kuma san an tarbiyyantar da ku a kan zumunci da jaruntaka da kunyar a ce ka tsaya kana kallo. Amma ku dubi labaran da ma'aikatan kashe gobara na Kano da sauran garuruwanmu ke bayarwa shekara da shekaru, za ku ga sau da yawa siga ɗaya gare su: ɗa ya sauka ya yi shiru, uba ya bi shi, maƙwabci ya bi uban, a wayi gari gida guda ya fitar da gawa uku a kan abin da ya fara da mutum guda. Wannan kuwa ba halinmu ne mu kaɗai ba, gama hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi a shekarar 1986, inda ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare, masu ƙoƙarin ceto ne. Dalilin a fili yake ga mai tadabburi: iskar da ta kayar da na farko tana nan ba ta gushe ba, ba ta san uba ba, ba ta san jarumi ba, wanda ya ce zai riƙe numfashi kuwa, bai lissafa nauyin sumammen mutum da tsawon tsani ba. In ka sauka ka faɗi, ka raba ƙarfin masu ceto biyu, ka kuma rage wa na farko ɗan damar da ta rage masa.

Ceton ɗan'uwa wajibi ne, amma yana da hanyarsa, hanyar kuwa tun kafin a sauka ake shirya ta. Ka yi kururuwa a taru, ka sa wani ya kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112 a Nijeriya, a kashe duk injin da ke kusa, a ƙara hura iska zuwa gindin rami, a jawo shi da igiyar da ke jikinsa. Wannan ita ce fa'idar ɗamara, gama ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba oksijin, ba kuwa motar agajin da za ta iso cikin wannan ɗan lokaci. Ba mai sauka sai wanda ke goye da tukunyar iskar numfashi, aka kuma horar da shi a kanta, shi ma da igiya a jikinsa da masu riƙe ta. Tsayawa a baki kana jan igiya, zuciyarka na ƙuna, jama'a na yi maka ihu ka shiga, ya fi faɗawa rami bukatar ƙarfin hali, shi ne kuma abin da ke mayar da mutum ga iyalinsa. In an fito da shi, a kwantar da shi a sarari, a sassauta tufafinsa. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya zo. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi a kan gefensa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin sumamme ba ya haɗiya, abin huhu zai tafi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, gama gubar shadda tana iya tara ruwa a huhu bayan sa'o'i.

Ku kuma iyayen gida da 'yan kwangila da masu gidajen da ke kiran yaro su nuna masa rami, ku ji tsoron Allah, ku sani wanda kuka ɗauka aiki amana ne a hannunku, talaucinsa kuwa ba izni ba ne na jefa shi inda ba za ku jefa ɗan cikinku ba. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta shekarar 1987 ta yi tanadi a kan shigar da ma'aikaci wurin da ake tsoron iska mai guba, dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekarar 2010 kuma ta tabbatar da haƙƙin wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Manyan ma'aikatu ba sa barin kowa ya shiga tanki sai da takardar izni mai sa hannun shugaba, wadda ta faɗi sakamakon awon iska da sunan mai tsaron baki. Wanda ya kuɓuce wa hukuncin duniya saboda marayun ba su da mai tsaya musu, to, akwai ranar hisabi.

Kai kuma saurayi, in maigidanka ya ce ka sauka ba awo, ba igiya, ba mai tsaro, ka ce masa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a kawo kayan aiki tukuna, ni kuwa a shirye nake." In ya ce kai matsoraci ne, ka jure, in ya ce zai ba wani, ka gargaɗi wancan ɗin ma, gama nasiha haƙƙi ce tsakanin Musulmi. Kuɗin yini guda ana mayar da shi gobe, arziki kuwa na Allah ne, ba a bakin rami guda Ya ajiye shi ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemu da yawa sun riga sun ƙone a gabanmu, uzurin rashin sani ya yanke daga yau ga duk wanda wannan takarda ta isa gare shi. Ku karanta wa abokan aikinku waɗanda ba su iya karatu ba, ku kai maganar ga shugabannin ƙungiyoyinku, ku roƙi limamanku su ambace ta a huɗuba, musamman a ƙarshen rani lokacin yasar rijiyoyi da magudanai. Allah Ya tsare ku a shigarku da fitarku, Ya sa albarka a guminku, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu ta wannan hanya, Ya ba iyalansu haƙuri. Amin.